Zunnuraini da Ƙwayar Ruwan da Ya Ƙi a Goge

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro, malami da ɗalibi.

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena, Dakta Zunnuraini, a gadon asibiti a Katsina, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda tun farkon damina. Muka ɗauko shi zuwa gida Jibiya, aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan la'asar. Bai cika hamsin ba. Ni da na riƙe hannunsa na kai shi firamare yana kuka, ni na shiga kabari na karɓe shi. A tunanina na ɗan'adam, shi ne zai yi mini wannan aikin. Allah ya fi mu sanin daidai.

Sunana Maharazu, malamin Hausa ne ni da ya yi ritaya, kuma tsakanina da kimiyya sai gaisuwa daga nesa. Amma tun da aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidanmu, tambaya ɗaya ake yi mini ƙasa-ƙasa bayan an shafa fatiha: wai shi marigayin, wane irin aiki yake yi? Direbobin manyan motoci sun tambaya, 'yan hatsi sun tambaya, har wani jami'in duwan, wato kwastan na Nijar, da ya tsallako daga Ɗan Isa don ya yi mana gaisuwa ya tambaya. Kowa ya san kana da kirki, Zunnuraini, kowa ya san ana ce maka Dakta, amma ba wanda ya taɓa ganin ka riƙe allura. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, in faɗa musu ɗan abin da na fahimta, kai kuma in faɗa maka abin da ya faru bayan tafiyarka.

Inna, Allah ya jiƙanta, ta bar duniya tana jin haushin digirin nan naka. Cewa take an kai mata ɗa har Jamus, ya yi shekaru, ya dawo ko ciwon gwiwarta bai iya dubawa ba. In maƙwabta suka kawo maka jariri mai zazzaɓi, sai ka ce kai ba irin wannan likitan ba ne, ka ɗauki makullin mota ka kai su asibiti da kanka, ka zauna a benci har a gan su. Inna ta ce to da an huta an ce maka direba.

Ni ma na jima ban gane ba, kuma ban ɓoye maka ba. Ranar da na matsa maka, muna zaune gindin dalbejiyar ƙofar gida, ka ce mini jikin mutum da na dabba, har da dafin maciji, cike suke da wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin. Kowane furotin dogon zare ne da ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, kuma da siffar yake aiki. Ido ba ya ganinsa, don haka masu irin sana'arka suke gina shi a cikin kwamfuta, su sa lissafi ya motsa shi, su ga yadda yake lanƙwasa da abin da yake kamawa. In magani ake nema, sai a kawo sinadarin da ake kyautata wa zato, a gwada ko zai shiga wani lungu na furotin ɗin ya zauna daram, ya hana shi ɓarna. Na ce to na ji, kai ina naka a ciki? Ka ce, "Ni ruwa nike sakawa, Yaya."

Na yi dariya har da tari. Mutum ya bar Jibiya inda muke bin 'yan garuwa da rani, ya je har Turai ya koyo zuba ruwa. Ka bar ni na gama, kamar yadda ka saba, sannan ka ce furotin bai taɓa zama a bushe ba. Ko a jini ko a dafi, ruwa ne ke kewaye da shi ta ko'ina, ƙwayoyin ruwan suna ture shi, suna jan shi, wasu ma su shige lungunansa su yi zamansu. Sai dai bin ruwan nan ƙwaya-ƙwaya aiki ne mai cin lokaci, domin ya ninka furotin ɗin yawa nesa ba kusa ba, kuma kowace ƙwaya sai kwamfuta ta lissafa motsinta. Saboda haka ake bin gajeriyar hanya. Wasu su ce wa kwamfuta ta ƙaddara akwai ruwa kawai, ba tare da an jera shi ɗaya bayan ɗaya ba. Ka ce wannan hanya tana da ranarta, in mutum ya san iyakarta. Wasu kuwa su goge ruwan ɗungurungum, su yi lissafinsu a fili fetal.

Sai ka tambaye ni: in direba ya zo kasuwar Jibiya ranar Laraba, ya ga fili, ya auna ya ce tirelarsa za ta shiga har rumfunan 'yan gero, me zai tarar in ya dawo ranar Lahadi? Na ce zai tarar da mutane. Ka ce to ruwan shi ne mutanen. Daga ranar ban sake tsokanarka a kan ruwa ba, sai jefi-jefi. Wannan bayanin nake ta maimaita wa masu gaisuwa, kuma direbobi sun fi kowa saurin gyaɗa kai.

Ba zan manta shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro ba. Lokacin jikin Inna ya yi tsanani, duk ƙarshen mako kana gida, aikinka kuma yana gudana a wata babbar kwamfuta can Jamus, wadda tsohon malaminka ya bar ka kana amfani da ita. Sai ka sayi layin Nijar, ka goya kwamfutarka, ka hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, zuwa Magama, kusa da shingen iyaka, inda sabis ɗin Nijar ke tsallakowa. Can kake zama a bencin mai shayi kana janyo sakamakon lissafinka a hankali. To amma ba kai kaɗai ke zuwa neman sabis ba. Rabin gari yana can, kowa da wayarsa a sama. Kafin a jima ka zama mai danna wa tsofaffi lamba, mai karanta musu saƙo, mai gaya wa wancan ya matsa gabas kaɗan. Wata rana na bi ka, na same ka kwamfuta a rufe a cinya, ka kara wa wata tsohuwa wayarka a kunne tana faɗa da ɗanta da ke Ikko saboda ya daina kiranta. Na ce naka aikin fa? Ka ce furotin ba ya fushi in an sa shi jira.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake yabo. Kana da taurin kai irin na masu magana a hankali, wanda ya fi na masu hargowa wuyar sha'ani. Mai ɗakinka Zulfa ta sha cewa gara mata ka ɗaga murya a yi ta ta ƙare, da ka yi murmushi ka ce "to, Allah ya kyauta" alhali ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Wannan taurin kan shi ya kawo mu ga maganar Ummusalma, wadda ita ce ainihin abin da ya sa ni wannan rubutu.

Ummusalma ɗalibarka ce, tana neman digirin dakta a ƙarƙashinka a jami'ar da kake koyarwa. 'Yar Gangara ce, ɗiyar Nagoggo. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya tsakanin Gangara da Kusa ya san Nagoggo mai maganin maciji. Da damina da kaka, kububuwa takan kwanta cikin ciyawa ko ƙarƙashin damin gero, kuma wanda ta sara jininsa ba ya tsayawa, har ta dasashi yake fita. Nagoggo yana da wata saiwa da ya gada wurin mahaifinsa, yana jiƙa ta ya ba wanda aka sara. Ko 'ya'yansa maza bai nuna wa itacen ba. Amma da Ummusalma ta yi nisa a karatu, ta durƙusa ta roƙe shi, sai ya ɗauke ta da kansa ya kai ta daji ya nuna mata, abin da ba a taɓa yi wa 'ya mace ba a gidansu. Ya kuma yarda a rubuta sunan itacen a takarda, wato ya saki sirrin gidansu ke nan. Abin da yake so a madadi ɗaya ne: masu boko su shaida cewa gadon ubansa ba ƙarya ba ne.

Yarinyar ta yi aiki tuƙuru. Da taimakon abokan karatunta ta tace saiwar, ta gano sinadarin da ya fi yawa a cikinta. Ta samo siffar furotin ɗin da ke sa zubar jini a dafin kububuwa, irin wadda masana suka riga suka auna suka ajiye don kowa ya ɗauka. A lokacin ka tafi Jamus na wasu watanni. Sai ta yi abin da ake koya wa kowane ɗalibi a darasin farko, abin da hannu ke yi kafin kai ya yi tunani: ta goge duk ƙwayoyin ruwan da suka zo tare da siffar, don wuri ya yi tsabta. Ta sa sinadarin saiwar. Ya shige lungun furotin ɗin ya zauna kamar don shi aka yi wurin.

Sashenku na jami'a ya ɗauki murna. Manya suka ce a buga a mujalla, a kira 'yan rediyo. Kafin a rubuta ko layi ɗaya, labari ya riga ya isa Gangara cewa kwamfuta ta tabbatar da maganin Nagoggo. Tsoho ya yanka rago, gari ya ci. Waɗanda maciji ya sara suka fara zuwa har daga ƙauyukan wajen Maraɗi, kuma wasu da a da za a wuce da su asibiti neman allurar kashe dafi, aka riƙa sauke su a ƙofar gidansa.

Sannan ka dawo. Ummusalma ta ba ni labarin da bakinta. Ta buɗe maka kwamfuta tana rawar jiki don murna, ka jima kana juya hoton, ka matso da shi, ka nisanta shi. Sai ka nuna ƙasan lungun da bayan biro, ka ce, "Ruwan da ke zaune nan fa, ina kika kai shi?" Ta ce ta goge, kamar yadda kowa ke yi. Ka ce ba laifinta ba ne, a furotin da yawa gogewar ba ta ɓata komai. Amma wannan daban ne. A ƙasan lungun akwai ƙwayar tutiya, wani irin ƙarfe, kuma akwai ƙwayar ruwa guda manne da ita, wadda ba kara zube ta zo wurin ba, da ita furotin ɗin ke yanka tsokar hanyoyin jini. In aka goge ta, an buɗe gurbin da babu shi a jikin mutum. Duk sinadarin da zai zauna nan sai ya fi ƙarfin ruwan ya ture shi. Ka ce ta mayar da ƙwayar wurinta, ta cika akwatin lissafin da ruwa ƙwaya-ƙwaya, a bar shi ya gudana a ga abin da zai faru.

Aikin da a bushe ya ɗauki yini, da ruwa sai da ya ci watanni. Sakamako ya fito. Sinadarin saiwar ya ɗan tsaya a bakin lungun, ruwa ya ratsa tsakaninsu, ya sulale ya fita. Kuka sake daga wani gefen, ya fita. Kuka canza hanyar lissafin ruwan, don kada a ce hanyar ce ta yi masa rashin adalci, ya sake fita.

Ga yarinya ta kashe shekarunta, ga uba ya saki sirrinsa ya yanka rago, ga amsa ta ce a'a. Wasu manya a sashen suka ce a bar sakamakon farko, ai haka ake bugawa a wurare da dama, ba wanda zai tambayi ƙwayar ruwa guda. Ka ce ba za ka sa hannu ba. Ba ka yi faɗa da kowa ba, ba ka kai ƙarar kowa ba. Ka dai mayar da biro aljihu.

Ni ma na shiga maganar, don yarinyar ta zo gida tana kuka wurin Zulfa. Na ce maka, Zunnuraini, ka duba girman Allah, ka bar ta ta karɓi takardarta, daga baya a gyara a hankali. Ka ce, "Yaya, in na sa hannu, gobe wani manomi za ya zauna Gangara shina jiran saiwa ta yi aiki don an ce kwamfuta ta ce, jini kuwa na zuba. Wa za a tambaya?" Ka ƙara da cewa gano abu bai yi ba shi ma sani ne, kuma ya isa a ba mutum digiri a kansa in ya yi aikin da kyau. Amma har yau ina kan bakana a abu ɗaya: da ka zaunar da ita kafin ka faɗa mata. A tsaye ka gaya mata, da muryar da kake neman a ƙara maka shayi. Ba kowa ne Allah ya ba irin sanyin cikinka ba.

Abin da ya fi digirin yi mata nauyi shi ne mahaifinta. Ta ce ba za ta iya kallon idonsa ta faɗa masa ba. Ka ce ba ita kaɗai za ta je ba, kai ne malaminta, kai za ka yi maganar. Ka zo ka ɗauke ni, don a wurinmu yaro ba ya kai wa dattijo magana mai nauyi sai da wani mai furfura a gefe. Kakar bara ce, ana ta yankan gero. Nagoggo ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka dama fura, yana ta kiranka Daktanmu. Ka cire takalmi tun daga nesa, ka ƙi hawa buzun da ya shimfiɗa maka, ka zauna a gefen tabarma.

Na ji duk abin da ka faɗa, kuma ban taɓa jin mutum ya auna kalmominsa haka ba. Ba ka ce saiwar banza ce ba. Ka ce abin da kuka gani shi ne wannan sinadari guda, a cikin ruwa kamar yadda yake a jiki, ba ya riƙe wannan ɓangare na dafin. Dafi yana da wasu ɓangarori, saiwa tana da wasu sinadarai, ba ku gama dubawa ba. Amma daga yau ba wanda ke da ikon cewa kwamfuta ta tabbatar. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya: ya ba da saiwarsa in ya so, amma a take a ɗora mutum a babur zuwa asibiti, kada a jira.

Tsohon ya ajiye ludayi. Ya ce, "Dakta, ni ban kira ku ba. Ɗiyata ta zo ta roƙe ni, na ba ta abin da ko 'yan'uwanta maza ban ba. Kunka ce ya yi, na yanka rago, gari ya ci. Yanzu kun dawo kun ce bai yi ba. Mi zan hwaɗa ma mutane?"

Ka ce, "Ka ce masu mu munka yi gaggawa, Baba. Kuskuren namu ne, ba naka ba."

Ya ce, "Ku mutane ba su san ku ba. Ni sunka sani."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai dubi inda Ummusalma take durƙushe ba. Muka dawo Jibiya yarinyar tana ta kuka a bayan mota. Daga ranar Nagoggo ya daina amsa gaisuwarta. In ta kira a waya sai ya miƙa wa uwarta. Da ta je gida da Sallah, ya saɓa gatari ya tafi gona, ranar da ko jaki ba a ɗora wa kaya.

Kai kuwa ba ka sake ta ba. Hutu ya zama a gidanmu take yinsa, ɗaki ɗaya da 'yarka Bilki. Ka sake tsara mata aikin daga tushe: ta bi sauran sinadaran saiwar ɗaya bayan ɗaya, kowanne cikin ruwa, ta kuma rubuta dalla-dalla yadda goge ƙwayar nan ke yaudarar mai bincike, don wani ɗalibin kada ya faɗa ramin. Na lura a hankali ta daina sunkuyar da kai in ana maganar. Har ta kai in wani ya ce maganin babanta ya faɗi jarrabawa, sai ta gyara masa, ta ce a'a, tambaya ɗaya aka yi masa tukuna.

Ana cikin haka ciwo ya kama ka. Ƙafafu suka kumbura, aka fara wankin ƙoda. Ni nake raka ka Katsina. Kana kwance, robobi a hannu, ɗaya hannun yana riƙe da babin da ta kawo, kana ja masa layi da jan biro. In ka gaji da karatu sai ka ce in buɗe maka kwamfuta, ka kunna hoton lissafin nan mai motsi, inda ɗigo-ɗigon ja da fari ke ta kaɗawa kewaye da furotin ba hutawa. Ka ce kallonsu yana kwantar maka da hankali, kana ganin ikon Allah a abin da ido bai isa ya gani ba. Ni ban ga komai ba sai kaɗawa, amma na zauna muna kallo tare, kuma ina godiya ga Allah da ya ba ni wannan zaman.

Ba ka taɓa yi mini ƙorafin ciwo ba. Abu biyu kawai kake maimaitawa. Na farko, babin ƙarshe ya rage wa Ummusalma. Na biyu, kana tambayata ko na ji wani labari daga Gangara. Kullum amsata ita ce ban ji ba. Sai ka ce, "To, Allah ya kyauta," ka juya fuska wajen bango. Na san abin yana cinka. Kana ganin ka raba uba da 'yarsa, kuma ba ka san ko roƙon da ka yi ya tsinana komai ba. A haka ka tafi, ba ka sa hannu a kundinta ba, ba ka kuma ji komai daga Gangara ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana tsakiyar karatu, wani babur ya tsaya nesa da tabarmi. Nagoggo ne. Ya ƙara tsufa, ya rame. Ya zauna can gefe har aka shafa, mutane suka ragu, sannan ya matso ya ba ni hannu. Ya yi maka addu'a doguwa. Na ɗauka shi ke nan zai tashi, sai ya ci gaba da riƙe hannuna.

Ya ce, "Malam Maharazu, daminar ga duk wanda anka kawo mani, na ba shi saiwa, na aza shi bisa babur. Wani ma ni na bi shi har asibiti, don danginai sun tsaya gardama."

Na ce, "Baba, me ya hana ka aiko a gaya masa?"

Ya ce, "Ba maganar aike ba ce. Na so in bari a gama kaka, in zo in hwaɗa mai da bakina." Sai ya saki hannuna ya kama gemunsa.

Da ya natsa, ya ce a kira masa Ummusalma. Ta fito daga cikin gida ta durƙusa a bakin zaure, idanunta sun kumbura. Ta gaishe shi, ya amsa. Wannan ce amsa ta farko tun kakar bara. Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba sa yi, ita ma ba ta jira ba. Ya dube ta ya jima, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Takardar ɗiyar ga, wa za ya sa mata hannu yanzu?"

Na fara kame-kame, ina cewa jami'a za ta duba, akwai manya a sashen, wataƙila ma su ce a koma wa sakamakon farko don a sauƙaƙa mata. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "A'a. Takardar da ta ce maganin bai yi ba nike nuhi. Ita za a kai."

Na shiga zaure, Zunnuraini, na yi kukan da ban yi ba a bakin kabarinka.

Tambayarsa tana nan ban amsa ba, don ba ni da ikon amsa ta. Masu irin aikinka ba su da yawa a ƙasar nan, kuma kun san juna. Ina roƙon abokan aikinka, na nan gida da na waje, duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi: akwai ɗaliba a Jibiya da babi ɗaya ya rage mata, aikinta na gaskiya ne, mahaifinta kuma ya sa masa albarka. Wani ya taimaka ya ɗauke ta daga inda malaminta ya tsaya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Zulfa, wadda ta yi jinya ba ta taɓa nuna gajiya ba. Ga Abdulfatah da Bilki da ƙannensu, Allah ya raya su, ya sa su gaji halin ubansu. Ga sauran 'yan'uwa da dangi na nan da na tsallaken iyaka. Ga ɗalibansa da abokan aikinsa. Ga Ummusalma da mahaifinta. Da dukan mutanen Jibiya da suka cika mana ƙofar gida. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya saka wa kowa da alheri.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Zunnuraini. Ka gafarta masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana, ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Kuma ya Allah, bawan nan naka ya tafi yana tambayar labarin Gangara. Mu ba mu da hanyar kai masa. Kai ka isar masa.